Ranar da Na Kai Farfesa Gonar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutanen ƙauyen kawuna a gindin tsamiya ba, na ɗora farar rigar ɗakin gwaji a kan kaftani da rana tsaka, na rataya lasifika a kafaɗa ina yi musu bayanin ciwon da ke damun wakensu. Shekara uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsattsafo min a ƙeya. Bari dai in faro muku daga tushe, don ku san ba haka kawai na tashi na haukace ba, sai da na yi karatu tukuna.

Ni haifaffen Tambuwal ne, cikin gari. Mahaifina malami ne mai karantar da littattafai a zaure, gonarmu kuwa 'yan ƙwadago ke nome ta, saboda haka na tashi hannuna bai san ƙotar fartanya ba. Abin da na sani game da wake ina yaro bai wuce ƙosai da alala ba. Amma da na shiga jami'a sai ga ni a fannin kimiyyar tsirrai, har na yi digiri na biyu, kai ya fara kumbura.

Aikin da na yi a digirin ba wuyar fahimta gare shi ba. Masana kan ɗauko ƙwayar halitta guda daga wata halitta su dasa ta a cikin tsiro, don ta ba shi wata baiwar da ba shi da ita. To wani lokaci tsiron kan karɓi baƙuwar hannu bibbiyu, amma bayan an juya iri sau biyu ko uku sai ya sa mata takunkumi. Tana nan a jikinsa, amma ta daina aiki. Akwai sinadaran da in ka jiƙa iri da su takunkumin zai kwance ta ci gaba da aiki, akwai kuma waɗanda ke rage mata kuzari. Shekara biyu cur na yi ina wannan wasa da 'yan tsirran taba a cikin kwalabe. (Ban taɓa barin ko ɗaya daga cikinsu ya wuce tsawon yatsa ba, da ya kai nan sai in markaɗe shi in auna.) Duk wanda ya zauna kusa da ni a lokacin, ko a mota ne ko a wurin ɗaurin aure, sai ya sha labarin takunkumi.

Burina a duniya guda ɗaya ne: Farfesar da ta duba aikina ta ɗauke ni digiri na uku. Mace ce mai tsadar magana, in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka manta sunan mahaifiyarka. Ɗalibi ɗaya take ɗauka a shekara, mu huɗu kuma muke zawarcin gurbin. Wata rana ta tara mu a ofishinta ta ce, "Wanda ya kawo min tambaya ta gaske, wadda ya gano da idonsa ba a littafi ba, shi zan ɗauka." Daga ranar na fara yawo da ido a buɗe kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Ana cikin haka sashenmu ya samu wani sabon irin wake, wanda aka dasa wa ƙwayar da ke kashe tsutsar nan mai cinye fure tana huda kwanso. Aka ce a raba wa manoma su gwada a gonakinsu, kowannenmu ya kula da gona guda. Ni kuwa ban yi wata-wata ba na rubuta sunan Kawu Sambo, yayan mahaifiyata, wanda ke noma a wani ƙauye gaba da Kebbe. Da damina ta zauna na hau kabu-kabu na kai masa irin a ƙaramin buhu, tare da wani allon ƙarfe mai koren fenti da aka rubuta sunan irin a jiki. Ya kamata in tsaya a yi shuka a gabana. Amma ranar ina da ɗaurin auren abokina a Sanyinna, na sha farar shadda, ga hadari ya haɗo ta gabas. Ko sauka daga babur ban yi sosai ba.

Na ce, "Kawu, a shuka shi shi kaɗai, kar a haɗa shi da wani iri. A kuma kafa wannan allo."

(Da Hausar rediyo nake masa magana. Tun da na je jami'a na ajiye ta gidanmu, ina ganin ta fi dacewa da mai digiri.)

Ya ce, "To ɗana, an gama. Ba ka shan ko hura?"

Na ce sauri nake. Sauri kuwa, kun san abin da ya haifa.

Ban sake taka ƙauyen ba sai bayan wata biyu da rabi. Tun kafin mu shiga gari na hango koren allona a bakin hanya, yana tsaye ƙyam a gefen wata gonar wake. Na sa mai babur ya tsaya, na shiga gonar ina murmushi. Na ga waken ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, na rubuta a littafina cewa ganye lafiya lau. Sai na sunkuya na ɗaga wani reshe. Fure duk ya zube. 'Yan kwanson da suka fito kuwa kowanne da hudarsa, na ɓare guda sai ga tsutsa kwance ta yi ɓul-ɓul. Na ɓare na biyu, haka. Na uku, har biyu na samu a ciki.

Innalillahi! Sai na tsuguna. Irin da aka ce tsutsa ba ta iya masa, ga shi ta mai da shi gidan biki. Na fi minti biyar a tsugune bakina a buɗe, ina tunanin da wane ido zan kalli Farfesa. Can kuma sai wani tunani ya faɗo min, wanda ya sa na miƙe zumbur. Takunkumi! Ai ga shi nan a fili, abin da na shekara biyu ina nema a kwalba, yau ga shi a gonar kawuna. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wallahi in faɗa muku gaskiya, farin ciki na yi. Wake na lalacewa, ni ina hamdala.

Saura in gano sinadarin da ya yi ɓarnar. Na aika aka kira Kawu, ya zo da gatari a kafaɗa, muka gaisa sama-sama.

Na ce, "Kawu, wane magani aka yi wa gonar nan?"

Ya ce, "Wagga? Maganin haki munka yi mata kahin shuka, iri biyu munka gama wuri guda, awa yadda Alhaji Ɗanjumma yac ce. Daga baya munka ƙara takin ruwa."

Alhaji Ɗanjumma shi ne mai shagon maganin feshi a kasuwar Kebbe, kusan duk yankin a wurinsa suke saye. Da na ji an haɗa magani biyu a tanki guda sai zuciyata ta ce shi ke nan, an kama ɓarawo. Na hau rubutu.

Kawu ya ɗan gyara murya ya ce, "Amma ɗana, in wake kaka son gani, da ka bari mun..."

Na ɗaga masa hannu ban ko ɗago kai ba. "Bar shi haka Kawu, na riga na fahimci komai."

Ya gyara gatarinsa.

A jakata akwai wasu 'yan siraran takardun gwaji. Akan murje ganye a ruwa a tsoma takardar, in layi biyu ya fito to ƙwayar tana aiki, in layi ɗaya ne ba ta yi. Ganye ashirin na gwada a ranar, duka layi ɗaya. Yanzu ga inda zan tona wa kaina asiri. Akwai gwaji na biyu da ake yi a ɗakin gwaji, wanda ke nuna ko ita kanta ƙwayar tana jikin tsiron. Na san da shi sarai, ni da kaina na sha koya wa 'yan aji huɗu shi. Amma kayan aikinsa sun ƙare a lokacin, sai an jira makonni, ga abokan takarata uku kowa na ta kai-kawo a tasa gonar. Na ce wa raina ai ba sai an yi ba. Allo na nan a tsaye, sunan iri na jiki, me kuma ake nema?

Sau uku na sake komawa. Kowane zuwa a bakin hanya nake sauka, in tsinki ganye, in ƙirga huda, in ɗauki hoton tsutsa ta gaba da ta baya. In na gama in shiga gida in gaida Inna Hajo matar Kawu, ta kawo min abinci in ci in kama hanya. Zuwana biyu na ƙarshe shinkafa da wake ta dafa, da mai da yaji, har sai da na yi ƙari ina santi. A ɗaya daga cikin zuwan Kawu ya sake cewa, "Ɗana, yau dai ko za mu taka mu..." sai wayata ta yi ƙara, na ce masa ina zuwa, ban kuwa dawo kan maganar ba.

Na zauna na tsara rahoto mai shafi goma sha biyu, cewa haɗa magungunan ciyawa biyu ya rufe bakin ƙwayar da aka dasa wa sabon wake, kuma a iya sanina ba a taɓa ganin haka a gonar manomi ba sai a wannan karon. (Jimlar nan ta ƙarshe sai da na karanta ta sau bakwai don daɗi.) Na aika wa Farfesa. Amsarta layi ɗaya ce: "Zan zo in gani ranar Asabar."

Mai hankali da ya ga wannan amsa sai gabansa ya faɗi. Ni kuwa na ɗauke ta a matsayin yabo. Farfesa da kanta, za ta biyo hanyar Kebbe da ramukanta saboda ni! Na gaya wa mahaifiyata, ta gaya wa maƙwabta, kafin kwana biyu yaran unguwa sun fara kirana Dakta, ni kuma ina amsawa. Ban tsaya nan ba. Na je wurin mai garin su Kawu na ce a tara manoma ranar Asabar, akwai muhimmin gargaɗi a kan maganin feshi. Na ari lasifikar masu tallan maganin gargajiya. Na wanke farar rigata ta ɗakin gwaji na sa aka goge ta da sitaci. Labari kuwa ya riga ni isa kasuwar Kebbe, cewa ɗan 'yar'uwar Sambo ya gano maganin Alhaji Ɗanjumma na kashe ƙarfin sabon wake.

Ranar Asabar da hantsi gindin tsamiyar da ke daura da gonar ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an kawo wa mai gari kujera. Alhaji Ɗanjumma ya rufe shagonsa ya zo, ya zauna can gefe fuskar nan kamar an aiko masa da rasuwa, yana jan carbi da ƙarfi. Can sai ga motar sashenmu ta iso ta sha taɓo har gilashi. Farfesa ta fito, bayanta Asma'u, ɗaya daga cikin abokan takarata, riƙe da jakar kayan gwaji. Na ji daɗin ganin Asma'u ƙwarai. Na ce gara ta gani da idonta, kar ta ce an yi mata rashin adalci.

Bayan addu'a na miƙe na kunna lasifika. Na yi bayanin ƙwayar halitta, na yi bayanin takunkumi, na nuna gonar da hannu na ce, "Wannan waken da kuke gani, an halicce shi da makamin kashe tsutsa, amma maganin feshi ya ɗaure masa hannu." Sai na ga mutane suna kallon gonar, suna kallon juna, suna kallon Kawu. Ƙananan maganganu suka fara tashi. Na ce a raina mamaki ne ya kama su, ilimi ya shige su. Kawu kuwa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

Wani dattijo mai jan rawani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gahwara dai. Wane wake kaka magana?"

Na ce, "Wannan na gabanka mana, Baba."

Ya ce, "Wanga?" Ya sake kallon gonar, ya ce, "To. Allah shi ƙara sani." Ya koma ya zauna.

Ina tsakiyar bayanin layi ɗaya da layi biyu na ga Farfesa ta tashi daga kujerarta. Ta gyara mayafi, ta tattare zani, ta shiga gonar. Ta sunkuya ta kamo reshen wake guda ta fara ja. Ta ja, ya biyo ta. Ta ja da baya taku uku, yana biye da ita kamar igiyar guga. Sai da ta kusa fitowa bakin hanya reshen bai ƙare ba. Sannan ta kalle ni ta saman tabarau ta yafito ni da hannu.

Na je da sauri, lasifika na reto a kafaɗata. Ban kashe ta ba. Wannan ma sai daga baya na gane.

Ta ce a hankali, "Irin da muka ba ka, tsaye yake girma ko yaɗo yake yi?"

Na ce, "Tsaye... galibi." Muryata ta fita ta lasifika ta karaɗe gindin tsamiya.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na kalli reshen da ke hannunta, ya fi ni tsawo sau biyu. Na ce, "Wataƙila... illar sinadarin ce." Wannan ma kowa ya ji.

Ta saki reshen, ta kakkaɓe hannu, ta nufi inda Kawu yake ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, sannu da aiki. Irin da yaron nan ya kawo maka, ina ka shuka shi?"

Kawu ya miƙe ya ce, "Shina can bayan rahi, Hajiya. Wanga ai waken gida na, na iyayenmu. Don harawa nika shuka shi, dabbobi su samu na rani."

Jama'a, kun taɓa jin duniya ta tsaya cak? Ni na ji. Kunnuwana suka toshe, na ga tsamiya tana juyawa. Wata ɗaya da rabi ina auna waken gida, wanda tun da aka halicce shi ba a taɓa dasa masa komai ba. Ina neman abin da ya rufe bakin ƙwayar da ba ta taɓa shiga gonar ba. Kuma duk mutanen da ke zaune a tabarmin nan, daga mai gari har mai kiwon awaki, kallo ɗaya suka yi wa gonar suka san haka. Ni kaɗai ne mai digiri biyu a fannin tsirrai a wurin, ni kaɗai ne kuma ban sani ba.

Hausar rediyo ta gudu ta bar ni. Na ji kaina ina ihu da harshen gidanmu, "Kawu! To allon ga hwa? Mi yak kawo shi nan?"

Ya dube ni da tausayi, wanda ya fi min zagi ciwo. Ya ce, "Ɗana, ai ba a kai sabon iri bakin hanya. Mai wucewa shi tsinka, bisashe su shiga, ga bakin mutane. Can nik kai shi inda ido bai kai. Shi kau allo, tun da nike ban taɓa ganin masu mota sun wuce bakin hanya ba. Nan suka tsayawa su ɗau hoto da allo su tahi. Nic ce in na kai shi bayan rahi wa ka ganinai? Sai manyanka su zaka su ce ba ka yi aiki ba."

Wato don ya rufa min asiri ya yi.

Na ce, "To mi yas sa ba ka hwaɗa min ba?"

Ya ce, "Sau biyu nika buɗa baki, kana cewa ka san komi. Kai da kay yi shekaru kana karatun shuka, ni wa, in ce maka wanga ba shi na ba? Nic ce ƙila na gida kaka bincike."

Wani ya fashe da dariya a bayan taro, aka yi masa tsawa, sai wasu uku suka ɗauka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Amma Farfesa ba ta gama da ni ba. Ta ce, "Baba, ko za ka kai mu mu gani?"

Tafiyar ta fi rabin awa a ƙasa. Kawu a gaba, Farfesa na biye da shi tana tambayarsa yaushe ya yi shuka, yaushe fure ya fito, yana ba ta amsa suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Bayansu mai gari, bayansa duk taron, don ba wanda ya yarda a ba shi labari. Ni ne a can ƙarshe da farar riga da lasifika, kamar mai tallan da aka ƙi sayen maganinsa. Da muka zo rafi kowa ya tuɓe takalmi ya tsallaka, ni kuwa na shiga da nawa sau-ciki don ban ma san ina tafiya ba.

Muna hawa tudu sai ga gonar. Wake tsaye reras iya gwiwa, kwanso na reto ta ko'ina, wasu sun bushe har an yi tsinkar fari. Farfesa ta ɓare ɗaya, ta ɓare biyu, ta ɓare goma, ba huda ba tsutsa. Asma'u ta murje ganye ta tsoma takarda, layi biyu suka fito raɗau. (Allah ya saka mata da alheri, ba ta kalle ni ba.) Na tsaya ina kallon gonar da aka ba ni amana wata huɗu da suka wuce, yau ne ganina da ita na farko.

Saura ƙiris ɗin fata guda a raina. Na ce wataƙila nan ba a yi feshin ba, in haka ne ko kaɗan maganata na da ƙafar tsayawa. Kamar ta ji ni, Farfesa ta ce, "Baba, nan wane magani ka yi?"

Ya ce, "Shi dai wancan na Alhaji. Rana guda munka yi musu, da tanki guda."

"Allahu akbar!" Alhaji Ɗanjumma ne ya faɗa da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaro, kwana huɗu ba wanda yat taka shagona. Kwana huɗu! Ashe ko gonar ba ka sani ba?" Na durƙusa a cikin kunyar wake na ba shi haƙuri a gaban kowa.

Kawu kuwa, da ya ga an yi min taron dangi, sai ya so ya ɗan wanke ni. Ya ce wa Farfesa, "A'a Hajiya, ai ya san waken. Ya ma ci shi. Zuwanai biyu na baya shi Hajo tad dahwa mai da shinkahwa, har ƙari yay yi."

Nan kam ba wanda ya iya riƙe dariya, har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Wato ranar da nake rubuta cewa tsutsa ta gama da sabon wake, sabon waken yana cikina.

Da muka dawo bakin mota Farfesa ta sa Asma'u da direba suka shiga, ta tsaya da ni a waje. Na zaci faɗa za ta yi, da ma ta yi ɗin da ya fi min sauƙi. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi ta ce, "Sau nawa ka zo garin nan bayan shuka?"

Na ce, "Huɗu."

Ta ce, "Kuskure kowa na yi, ni ma na yi waɗanda suka fi wannan. Da gwajin da ka tsallake ne kaɗai, da na ce gaggawa ce. Amma sau huɗu mai gonar na tsaye kusa da kai, amsar na bakinsa." Ta mai da tabarau. "Bana ba kai ba ne."

Ta shiga mota suka tafi. Na tsaya a bakin hanya da jiƙaƙƙen takalmi har ƙarar motar ta ɓace, hawaye na zubo min ban ko damu da sharewa ba. Asma'u aka ɗauka a shekarar, kuma ta cancanta. Ita a tata gonar kwana uku ta yi tana shuka da manomin da hannunta.

Damina ta gaba a ƙauyen na yi ta, ba wanda ya aike ni. Na karɓi fartanya a hannun Kawu, hannuna ya yi bororo ya fashe ya warke. Yanzu daga kan babur ina iya gaya maka wane wake ne a gona, abin da ɗan shekara bakwai a garin ya riga ni sani. Har yau in na ratsa kasuwar Kebbe, Alhaji Ɗanjumma kan leƙo daga shago ya ce, "Malam, yau wace gona munka ɓata?" Ni kuwa sai in yi dariya in gaishe shi, don mai laifi ba ya fushi.

Abin da na tsinta a wannan wahala bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi, don haka ga shi kyauta. Kafin ka zauna binciken abin da ya sa mutum ya yi shiru a ɗaki, ka fara leƙawa ka ga ko yana ciki. In kuma ka tarar da dattijo a bakin ƙofar ya buɗe baki, don Allah ka bari ya kai aya.